Rakiyar yara zuwa duwatsun Shere

A shirin lambar yabo ta Duke na Edinburgh, wanda Yarima Philip na Birtaniya ya kafa wa matasa a 1956, yara ne ke jan ragamar tafiyarsu ta daji. Su huɗu zuwa bakwai a ƙungiya, da taswira da kamfas, su dafa abincinsu, su kafa tantinsu. Shirin mataki uku ne: tafiyar matakin tagulla yini biyu ce da kwana ɗaya a waje, azurfa yini uku, zinariya huɗu. Ni mai sa ido, nawa shi ne in bi su daga nesa, mu haɗu a wuraren da muka yi alkawari. Faɗar haka da sauƙi.

A duwatsun Shere da ke gabashin Jos na san wuyar kame baki. Ina kan wani falalen dutse na hango ƙungiyata ta saki hanya ta nufi kwari. Usur na hannuna, amma ban busa ba, don na taka wurin da ƙafata tun kafin ranar, na san babu rami babu rafi a gabansu. Suka tsaya, suka shimfiɗa taswira a ƙasa suka danne ta da duwatsu saboda iska, aka yi ta gardama. Can sai ƙaramar cikinsu ta nuna wani tsauni da yatsa, suka juyo. Da muka haɗu wani ya ce, "Malam, ashe kana ganinmu!" Na ce masa ya sha ruwa tukuna.

Abin da ke ba ni damar yin shiru irin wannan, aikin da aka gama ne tun a gida. Na je na gaida mai unguwa, na gaida arɗon rugar da za su ratsa, don kada a ga baƙin yara da jakunkuna a shiga zargi. Na san inda waya ke samun sabis da inda take mutuwa. In akwai 'yan mata, sai da malama. Takardar lafiya kuwa ba na yarda da ita sai na zauna da iyaye, domin akwai masu ɓoye cewa ɗansu na da sikila ko asma don kada a hana shi zuwa, alhali sanyin Jos da dare a lokacin hunturu ba abin wasa ba ne ga irin waɗannan yaran. Ba ma sa tafiya cikin azumi.

Da safe kowa ya kakkaɓe takalminsa saboda kunama, a duba bororon ƙafa, a cika gorunan ruwa a gabana.

Akwai inda ba na jiran shawarar kowa. Hadari ya haɗo suna kan dutse, ko yaro ya daina gumi yana magana ba kan gado, nan take nake sauka in karɓi ragama. Maganar lambar yabo sai wani zuwan.