Wa Ke Ba Jarumin Naka Tuwo?

Jiya ɗan ƙanwata ya miƙo mini wayarsa, wai "Kawu, duba labarin zanen da nake haɗawa." Jarumin ɗan shekara 12 ne, ba uwa ba uba, ya tashi daga Garwa zuwa Kusiri, a arewacin Kamaru, shi kaɗai yana bin sawun ɓarayin shanu. Gabana ya faɗi, don ramin da na rufta ina saurayi ke nan.

Tintin ne ya ruɗe ni. Hergé, mutumin Beljiyam, ya fara zana shi a 1929: matashin ɗan jarida, daga shi sai farin karensa, ba mai ce masa ya dawo gida kafin magariba. Na ce sai na yi namu. Na cika littattafan makaranta da zanen biro, tun shafin farko na kashe iyayen yaron a haɗarin mota don su ba ni wuri. Goggona ta juya shafukan ta ce, "To wa ke ba shi tuwo? Dangi ma duk sun mutu?" Na ce ba ta waye ba. Har gobe ina ganin zanen bai yi muni ba, kuma wa ke nan da zai koya mini? Sai dai duk wanda ya karanta tambayarsa ɗaya: ɗan gidan wa ne? Girman kai ya hana ni gyarawa, har gara ta cinye littattafan.

Yanzu ma abin ya fi wuya. Tun hare-haren Marwa na 2015, yaro shi kaɗai da jaka a hanyar Mora, garin da ke tsakanin Marwa da Kusiri, a shingen jandarma na farko tafiyarsa za ta ƙare. Yaran da ba mai kula da su kuwa ga su nan a tasha da kwano a hannu, wa ya taɓa kiransu jarumai? Amma ku yaran yanzu, idonku na kan TikTok, yaushe za ku gan su?

To kai ɗan ƙanwata, ka ba yaron kaka, ko kawu mafaɗaci. Hergé kansa sai da ya kawo Kyaftin Haddock a 1941, ko da yake kyaftin ɗin mashayi ne, Tintin ɗin ke rainonsa. Kada kuma kakar ta tsare shi a gida, labari zai mutu. In ta dame ka, tura ta ƙauye biki. Sannan ka faɗa mana inda yake samun sefar mota, don Kusiri ba tafiyar ƙafa ba ce.