Ƙofar da ba ta ɗaukar fiye da ashirin

A ofishinmu da ke Tudun Wada, nan cikin Gombe, Injiniya ake ce mini, alhali lissafi na karanta. Laifina ɗaya: na taɓa gyara firinta a gaban Oga. Tun daga ranar duk abin da ke da waya a jikinsa ya zama nawa, har fanka.

Ba mu da saba, wato babbar kwamfutar da aka keɓe don ajiye wa sauran fayiloli. Kwamfutar da ke teburin sakatariya, matar da duk muke kira Anti, ita ce rumbun kowa. A cikinta aka buɗe folda ɗaya aka raba, takardun dillalan taki da na irin shuka duk suna ciki, firintar ma a jikinta take. Sauran kwamfutoci kan leƙa su ɗauka, su ajiye. Babu babba babu yaro a tsakaninsu, irin haɗin nan da Windows ke kira Workgroup. Shekara uku muna haka lafiya lau.

Ana gab da damina, lokacin da aiki ke kai mana iya wuya, sai abu ya ɓaci. Mutum ya danna folda, ta ƙi buɗuwa. Yau wannan, gobe wancan. Na canja kebul, na hure ƙura, na zargi zafi, na zargi ƙwayar cuta. Har sai da na sa Oga ya sayi sabuwar rauta, na'urar da ke haɗa kwamfutocin da juna, kuɗin da har yau in na tuna nakan ji kunya. Abin da ya daɗa ruɗa ni shi ne da zarar an ɗauke wuta, aka ta da janareto, kwamfutar Anti ta sake kunnuwa, sai komai ya daidaita. Na ce to, gajiya ce, a riƙa kashe ta da azahar ta huta.

Anti ce ta warware mini, tana cikin buga wasiƙa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Injiniya, ka lura kuwa? Wanda ya yi sammako ba ya kuka. Masu makara take hanawa. Kuma ranar Juma'a bayan masallaci ba ka jin ƙorafin kowa." Na yi dariya, na ce kwamfuta ba ta san latti ba. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Washegari da saƙon da kan fito in folda ta ƙi buɗuwa ya sake fitowa, wanda na fi sau hamsin ina rufewa ban karanta ba, na tsaya na bi shi kalma-kalma. Cewa yake yi kwamfutar ta riga ta karɓi iya adadin haɗin da za ta iya, ba ta da sauran gurbi.

Ashe Windows ɗin da ake sa wa kwamfutar tebur tana da ƙa'ida: na'urori 20 kacal ke iya shiga foldarta ko firintarta a lokaci guda. Haka yake tun daga Windows 7 har zuwa 10 da 11. A zamanin XP ma ya fi haka tsauri, 10 ne ga Professional, 5 ga Home. Sharaɗin lasisi ne, wanda ke son fiye da haka ya nemi Windows Server, wato Windows ɗin da aka yi don saba. Ni kuwa a kaina kwamfutoci 13 ke shiga ta Anti, to ina 20? Tebura na ƙirga, ban ƙirga jakunkuna ba. Masu bautar ƙasa huɗu sun zo da laftof ɗinsu, ɗalibai uku masu sanin makamar aiki ma haka, ga laftof ɗin Oga, ga injin fotokofi da ke tura takardun da ya ɗauka kai tsaye cikin foldar. Ashirin da biyu ke nan.

Da na buga net session, umarnin da ke nuna waɗanda ke haɗe da kwamfuta, a ta Anti, sai ga su a jere, har da waɗanda masu su sun tafi Babbar Kasuwa tun safe sun bar fayil a buɗe. Windows kan sallami wanda ya yi shiru na minti 15, amma mai buɗaɗɗen fayil ba ta taɓa shi, yana nan riƙe da kujera. Kashewa da kunnawar da nake taƙama da ita korar kowa kawai take yi, a sake layi.

Gyaran bai ci sisi ba. Na rage minti 15 zuwa 5. Firintar ashe tana da ramin kebul nata, na haɗa ta da rauta kai tsaye, masu buga takarda kawai suka daina cin gurbi. Ɗalibai na mayar da su wata kwamfutar. A intanet akwai masu koyar da yadda ake fasa ƙa'idar, ban bi ta kansu ba; takardun kuɗin mutane ba wurin gwaji ba ne.

Matsala ta biyu ta fi ciwo. Dukkanmu da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya muke shiga, an ma rubuta ta a jikin bango. Ran nan lissafin bashin dillalan Kumo da Dukku ya ɓace. Na ruga kwandon shara na Windows, wayam. A ranar na san cewa fayil ɗin da aka goge ta hanyar netwok ba ya biyawa ta kwando, tafiya yake yi gaba ɗaya. Wa ya goge? Kowa ya rantse, kuma ba yadda za a gane, tunda a idon kwamfuta mu duka mutum ɗaya ne. Kwana huɗu muka yi muna tattaro shi daga rasit.

Yanzu kowa da sunansa. Masu lissafi ke da ikon gyarawa, sauran karatu kawai. Nan ma na sha wuya kafin in gane izinin ƙofa biyu ne, na rabawa da na tsaron foldar kanta, kuma wanda ya fi tsauri shi ke aiki. Duk Alhamis ina kwafe komai a wani faifai dabam in kulle a durowa.

Na rubuta wa Oga cewa mu sayi ƙaramin akwatin ajiya da ake haɗawa da rauta, wanda ƙa'idar ashirin ba ta shafe shi ba. Ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Injiniya, waccan rautar da ka sa na saya fa?" Takardar tana kan teburinsa har yanzu, ya ɗora mata kofin shayi.