Igiyar takalmi

Ranar da na fara zuwa filin, na yi kusan rabin awa ina jin Hausa amma ban gane abin da ake faɗa ba. Cikin Disambar 2022 ne, hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe Tudun Wadar Zariya har ba ka hango fitilar mai shayi sai ka zo dab da teburinsa. Muna idar da sallar asuba maƙwabcina ya riƙe hannuna, ya ce yau kam ba sauran "sai gobe". Mako uku kafin nan an auna jinina a asibiti aka samu 160 bisa 100. Likita ya rubuta mini magani, ya ce in rage gishiri, in kuma riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya. Shekaruna 47 a lokacin, koyarwa nake yi, rabona da gudu kuwa tun ina ɗalibi.

Filin ƙwallon wata firamare ne, jar ƙasa ce zalla da turakun gola biyu. Maza wajen ashirin sun yi da'ira, wasu da hular sanyi, wasu sun naɗe kunne da rawani. Wani dattijo miƙaƙƙe, wanda kowa ke kira Baba Samanja, ya ɗaga murya:

"Mashi a hannun wa yake yau?"

"Bahago!"

"Garkuwa fa?"

Wani siriri ya ɗaga hannu.

"Ina Mai Taya?"

"Bargo ya yi kisa, Baba."

"A rubuta masa bashi. Na ga mun yi kurtu. Malam, sannu da zuwa. Turmi uku ne yau, ka bi a hankali."

Daga nan aka zuba a guje.

Sai da na yi makonni ina tsintar kalmomin ɗaya bayan ɗaya kafin na ga cewa daga gida biyu yawancinsu suka fito. Gidan farko bariki ne. Wanda ya tashi a Zariya ya san Daffo, inda tun 1924 ake horar da sababbin sojoji, kuma ya saba jin waƙar kurata da sassafe. Baba Samanja can ya yi ƙarshen aikinsa, shi ya kawo mana kurtu, da fareti, da gwale-gwale, da tsallen kwaɗo. A wurinmu fareti shi ne da'irar farko da ake ƙirga mutane, gwale-gwale kuma ranar da ba za a fita titi ba, a nan cikin fili za a sha wuya. Gida na biyu shi ne dambe, kuma Bahago ne ya shigo da shi. Mahauci ne, ya ɗaura zare a ƙuruciyarsa, har yanzu in ya dunƙule hannun hagu za ka ga tabon. A dambe hannun da aka naɗe da zare shi ne mashi, ɗayan da ake karewa da shi garkuwa, zagaye ɗaya turmi, wanda aka kai ƙasa kuma an kashe shi. To mu mashi shi ne mai jan atisayen ranar, yana gaba, kuma juyi ake yi, yau tela gobe lakcara. Garkuwa shi ne na ƙarshen layi, ba ya wuce kowa komai jinkirinsa. Wanda barci ya danne bai fito ba, bargo ya kashe shi, bashinsa kuma tsallen kwaɗo ashirin ne ranar da ya dawo.

Akwai waɗanda filin ne ya haife su. Faɗi-tashi shi ne ka zube ƙasa a kan tafin hannu, ka miƙe ƙafafu, ka tattaro su, ka yi tsalle sama. Goma a jere sun isa su sa ƙato haki. Gwangwani kuwa gwangwanin fenti ne guda biyu da aka cika da siminti aka soka bututun ƙarfe a tsakani, shi muke ɗagawa. Akwai babban gwangwani da ƙaramin gwangwani, kuma ba wanda ya taɓa ɗora su a sikeli. Tsamin jikin da ke kama mutum kwana biyu bayan atisaye mai nauyi, har ya kasa durƙusawa alwala, ana ce masa baƙon jibi, don ba ya zuwa washegari da ƙarfinsa, sai jibi. Wani ma'aikacin jinya da ke cikinmu ya tabbatar mini haka abin yake a jikin kowa, ciwon yakan fi tsanani tsakanin kwana ɗaya zuwa uku, kuma tafiya a hankali ta fi kwanciya saurin sallamar baƙon.

Ba a tambayar ka sunanka na yanka. Sai ka cika mako biyu kana zuwa, sannan a tsayar da kai tsakiyar da'ira, ka faɗi sana'arka da unguwarku da abin da ya fito da kai cikin sanyi, jama'a su raɗa maka suna. Ni Alli aka sa mini. Na fi wata shida ina gudu kafaɗa da kafaɗa da wani da muke kira Kwano kafin na san babban ma'aikaci ne mai direba, kuma wanda ke yi masa tsawa ya ɗaga gwiwa yaron shagon walda ne daga Sabon Gari. A bakin titi yaron zai rusuna ya ce masa ranka ya daɗe. A fili, in mashi na hannunsa, Kwano ne kawai. Ina ganin ba don laƙabin ba da kunya ba za ta bar yaron ya buɗe baki ba, shi ma babban da girma ya hana shi zubewa a jar ƙasa gaban ɗan cikinsa.

Wani malamin jami'a daga Samaru, wanda ya yi karatu a Amurka, ya taɓa ba mu labarin wata ƙungiyar maza da ake kira F3, wadda aka fara a birnin Shalot na jihar Karolina ta Arewa a 2011. Su ma a waje suke yi, da duku-duku, kyauta, jagoranci na zagayawa, sabon zuwa a raɗa masa suna, kuma kalmominsu sun yi yawan da sai da suka tattara su kamar ƙamus. Ya kawo shawarar mu ari wasu. Bahago ya ce, "Dakta, su da sanyinsu, mu da hunturunmu. Wanda ya ari riga ba ya gudu da ita." Maganar ta tsaya nan. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mutanen da ba su taɓa jin labarin juna ba sun faɗa kan hanya ɗaya.

Amma akwai wata al'ada da na tarar wadda ta kusa yi mini illa. Ba a fassara wa kurtu komai. Cewa ake yi kalma tsintar ta ake yi, wanda ya daure zai gane. Da farko abin ya burge ni, don duk kalmar da na tsinta da kaina sai in ji kamar an ƙara buɗe mini ƙofa.

A mako na biyar aka ce Asabar za a gaida Tsohuwa. Tsohuwa ita ce Dutsen Kufena. Muka haɗu a Wusasa gari bai gama wayewa ba, muka taka zuwa gindin dutsen. Daga nesa Kufena kamar a miƙa hannu a shafa, sai ka fara hawa za ka san dutse ne sulɓaɓɓe mai tsayi, wani wurin sai da hannu. Ban karya ba, ban sha ruwa ba, na dai haɗiyi maganina na fito. Tun ba mu yi nisa ba na ji wani a gabana ya ce, "Igiyata ta kwance." Ya tsuguna, garkuwa ya tsaya a kansa, aka ci gaba. Can wani ma ya faɗi haka. Na ce a raina, mutanen nan ba su iya ɗaurin takalmi ba ne? Ni kuwa a lokacin ƙirjina na bugawa har cikin kunne, bakina ya bushe ƙaƙas, ina ganin wasu ɗige-ɗige baƙaƙe suna yawo a idona. Na so in tsaya. Amma yaya zan ce na gaji, ga Baba Samanja mai shekara sittin da ɗoriya yana hawa yana waƙa? Na cije. Taku kaɗan bayan nan duhu ya rufe ni, ƙafar dama ta zame cikin wata tsaga, na ji ƙas a idon sawu.

Da na dawo hayyacina ina kwance a kan dutse mai sanyi, kaina a cinyar Bahago, ma'aikacin jinyar nan yana riƙe da wuyan hannuna yana duban agogo. Wani ya fasa ledar fiya wata da haƙori yana ɗiga mini a baki. Baba Samanja ya durƙusa, fuskarsa ba wasa, ya ce, "Malam, me ya hana ka cewa igiyarka ta kwance?"

Na ce, "Baba, ai ba ta kwance ba."

Wurin ya yi tsit. A nan kowa ya gane abin da ya faru. Ashe "igiyata ta kwance" ita ce kalmar da ta fi kowace muhimmanci a filin. Ma'anarta: numfashina ya ƙare, ko jiri nake ji, ina bukatar tsayawa. An ƙirƙiro ta ne don namiji ya samu hanyar tsayawa ba tare da ya furta cewa ya gaza ba, kuma doka ce, wanda ya faɗe ta ba a tambayarsa, ba a yi masa dariya, garkuwa zai tsaya tare da shi har ya miƙe. Mako biyar ina jin ta, na ɗauka zancen takalmi ake yi.

Goyo aka yi ta yi da ni ana karɓa-karɓa har ƙasa. Allah ya taƙaita, targaɗe ne ba karaya ba, hoto ya nuna haka. Na yi kwanaki ina ɗora ƙafa a kan matashi ina sa ƙanƙara a tsumma, na yi mako shida ban taka fili ba. Maiɗakina ta ce, "Malam, lafiya ka fita nema ko jinya?" Ban da amsar da zan ba ta. Amma kullum bayan la'asar sai an yi sallama a ƙofar gida, yau mutum biyu, gobe uku, wani da lemo, wani da tsire daga wurin Bahago. A nan na tsinci wata kalmar. Na ji suna cewa kokon wane ya huce, a leƙa shi. Bayan atisaye akan zauna wurin mai koko da ƙosai, to wanda aka ga ya riƙe kofi ya yi shiru har kokonsa ya huce, an san akwai abin da ke cinsa a gida: kuɗin makaranta, rashin lafiyar iyali, kasuwa ta tsaya. Ba a tsare shi a gaban jama'a. Mutum ɗaya ko biyu za su bi shi daga baya, in abin na kuɗi ne a yi karo-karo ba tare da an ambaci suna ba.

Ranar da na koma, na nemi izinin magana a fareti. Na ce ni malami ne, na san daɗin abin da ɗalibi ya gano da kansa, kuma ban nemi a rushe al'ada ba. A bar kurtu ya tsinci mashi da gwangwani da baƙon jibi. Amma kalmar da ran mutum ya rataya a kanta ba abin ɓoyo ba ce. Yawancin masu zuwa mana ba yara ba ne, likita ne ya turo su, wani da hawan jini, wani da ciwon suga, kuma su ne suka fi jin kunyar tsayawa. Wasu ba su ji daɗi ba. Mai Taya ya ce in aka fara fassara, gobe sai a kawo allo da alli. Aka yi ta ja-in-ja har rana ta fito. Baba Samanja bai ce komai ba sai da kowa ya gama, sannan ya ce ko a bariki, kafin a miƙa wa kurtu bindiga sai an nuna masa yadda ake sa ta a makulli. Ya ce laifin nasa ne, shi ya karɓe ni ranar farko.

Tun daga ranar, garkuwa ke jan sabon zuwa gefe kafin a fara. Zai tambaye shi ko yana shan wani magani, ko ya sa wani abu a cikinsa, ya gaya masa ciwon ƙirji da jiri ba abin daurewa ba ne, sannan ya koya masa jimla ɗaya tak. Sauran ya tsinta. Ranar gaida Tsohuwa kuma ba mai hawa sai da ruwa a hannu. Da azumi mukan koma rabin turmi, tafiya kawai bayan asham. Jinina yanzu yana zama wajen 130 bisa 85, kuma ban daina shan magani ba, don ma'aikacin jinyarmu ba ya gajiya da faɗa mana cewa gudu abokin magani ne, likita kaɗai ke da ikon rage shi.

Ni na fi son riƙe garkuwa fiye da mashi. A baya kake ganin abin da na gaba ba ya gani: wanda kafaɗarsa ta fara faɗuwa, wanda takunsa ya fara jan ƙasa. A hunturun da ya wuce aka kawo mana wani dattijo mai sayar da hatsi, jikinsa da nauyi, ya zo da doguwar riga da takalmin roba irin na sakawa kawai. Na ja shi gefe na gaya masa abin da ake gaya wa kowa. Ya ce, "To, Malam," yana kallon wani wuri, na ga alamar bai ɗauka zai bukata ba. Muka fito titi muka nufi Ƙofar Doka. Muna hango ganuwa ya rage sauri, ya waiwayo, gumi na bin gemunsa duk da sanyin nan. Ya dubi ƙafarsa, ya dube ni, ya yi jim. Sannan a hankali ya ce, "Malam Alli, igiyata ta kwance."

Na ce, "Bismilla, Alhaji, ɗaura a hankali."

Ya tsuguna a gefen kwalta ya dafa takalmin robar da hannu biyu, na juya baya ina tare masa masu babur, har numfashinsa ya dawo.