Zaɓen matoshi don ɗura ƙananan harsasai a kwanson tagulla

Ƙananan bindigogin farauta masu watsa ƙwaya ne suka kai ni ga kwanson tagulla, musamman .410 da geji 28 (geji ma'aunin faɗin bututun bindiga ne, lamba tana raguwa faɗi yana ƙaruwa), sai kuma tsofaffin geji 24 da 32 waɗanda harsashinsu na kamfani ke wuyar samu. Kwanson roba na .410 ba shi da ƙarko, in an sake ɗura shi 'yan lokuta sai bakinsa ya tsage ko ya ƙi naɗuwa. Na tagulla kuwa ba a naɗe masa baki, saboda haka muddin ana wanke shi ana adana shi, zai yi shekaru yana aiki. Da shi aka fara tun kafin kwanson takarda ya yaɗu a shekarun 1870, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka sun koma masa, domin na takarda yakan kumbura in ya sha danshi har ya ƙi shiga bindiga.

Cire tsohon makunni, wato ɗan abin da ke gindin kwanso mai kunna albarushi, da sa sabo, da awon albarushi da ƙwayar dalma, duk a yini guda hannu ke sabawa da su. Matoshi ne ya ci mini lokaci, wato abin da ake cusawa tsakanin albarushi da ƙwaya, da wanda ake rufe bakin kwanson da shi.

Dalilin wahalar yana cikin kaurin bangon kwanso. Mazaunin harsashi a bindiga an fafe shi ne daidai da kwanson takarda ko na roba, masu bango mai kauri, ta yadda cikinsu zai zo kusan daidai da faɗin bututu. Bututun geji 12 inci .729 ne, na geji 20 inci .615, na geji 28 inci .550, shi kuwa .410 sunansa ne faɗinsa, kimanin milimita 10.4. Kwanson tagulla dole ya cika mazaunin ta waje kamar sauran, amma bangonsa siriri ne, sai cikinsa ya fi bututun faɗi. Matoshin da aka rubuta wa geji 28 zai zurma cikin kwanson tagulla na geji 28 ba tare da ya kama bango ba. Shi ya sa masu wannan aiki suke hawa sama zuwa matoshi mafi faɗi: a geji 12 sukan sa matoshin geji 11 a kan albarushi da na geji 10 a baki, a geji 20 na 18, a geji 28 na 26, a .410 kuma mai faɗin inci .430 a ƙasa da wanda ya kai .450 a baki.

Wannan lissafi bai shafi kowane kwanso ba. Na Magtech, wanda kamfanin CBC ke ƙerawa a Birazil, miƙe tagullar ake yi har ta yi siriri, yana karɓar babban makunnin ƙaramar bindiga ta hannu, kuma shi ne ke son manyan matosai. Na Rocky Mountain Cartridge daga sandar tagulla ake fafe shi a inji, bangonsa da kauri, yana karɓar makunni mai lamba 209, cikinsa kuma daidai yake da matoshin gejinsa. Akwai kashi na uku ga mai .410, wato kwanson da aka buɗa daga na bindigar raifil, kamar .303 British da .444 Marlin, masu tsawon kusan inci biyu da kwata, ko 9.3x74R da ya kusa inci uku. Waɗannan bangonsu ƙara kauri yake yi in an nufi gindi, don haka matoshin da ya zauna daram a baki yana iya cijewa kafin ya isa kan albarushi. Ni yanzu ba na sayen matoshi sai na auna cikin kwanson a baki da kalifa, wato ƙaramin ma'aunin faɗi, sannan na tura kwali guda har ƙasa a kwanson da babu komai a ciki, in ji yadda yake tafiya. Wanda ya dace yakan shiga da ɗan ƙarfin babban yatsa, ka ji iska tana turo shi baya. In ya faɗa da kansa ya yi ƙanƙanta, in kuma gefensa ya lanƙwashe sama sosai ko ya yage, ya yi yawa.

A jerin matosan, kwalin da ke kan albarushi shi ne uban tafiya. Kwali ne mai tauri, kaurinsa kamar inci .125 zuwa .135, kuma aikinsa ɗaya ne, ya tare iskar wuta kada ta wuce. In ta sami hanya ta gefe, abubuwa uku na gani. Ƙarar harbin takan sauya daga wannan harsashi zuwa wancan, wani ya yi tsawa wani ya yi kamar an buga buhu. Ƙurar albarushin da bai ƙone ba takan rage a bututu. Mafi muni, zafin yakan narkar da wasu ƙwayoyin su manne wuri guda su tafi a dunƙule, kuma dunƙulen dalma yana zuwa nesa fiye da inda mai harbi yake zato, abin da ke da haɗari ga duk wanda ke bayan abin da aka saita. Idan na sami kwanson da cikinsa ke tsakanin girma biyu, nakan ɗauki babban, domin gangaren da ke gaban mazaunin harsashi zai matse kwalin ya daidaita shi da bututu. Wani lokaci siraran kwali biyu sun fi mai kauri guda rufewa, tunda kowanne da nasa gefen da ke shafar bango.

A kan wannan kwali ake ɗora matashi, mai laushi, wanda ke shanye bugun farko don kada ƙwayoyin ƙasa su lotse. Na gwada na zaren itace da aka matse, da na matsattsen ulu, da na ɓawon itacen nan da ake toshe kwalba da shi. A nan ƙananan bututu suka sha bamban da manya. Harsashin .410 mai inci biyu da rabi rabin oza na dalma yake ɗauka, kimanin giram 14, na geji 28 kuma kashi uku cikin huɗu na oza, kimanin giram 21. Ƙwayar ba ta da yawa, ga ta a jere doguwa cikin siririn bututu, don haka matashi mai nauyi yana iya binta a baya bayan ta fita, ya ratsa tsakiyarta ya tarwatsa ta. A takardar gwaji sai ka ga ƙwaya ta zagaye gefe, tsakiya fayau. Na fi ganin haka da matashin rabin inci wanda ya sha mai har ya yi nauyi. Da na riƙa raba shi gida biyu ko uku da farce kafin in sa, sai kowane yanki ya faɗi kusa da bakin bindiga, tsakiyar takardar ta cika. A .410 har na kai ga rage matashin zuwa kwata inci, ban ga an yi asarar komai ba. Abin da ya sauƙaƙa wannan shi ne kwanson tagulla ba ya bukatar a cika shi har baki kamar na roba, inda tsawon matoshi ke daidaita naɗin baki. Duk inda ƙwaya ta tsaya, nan ake rufewa.

Maganar mai ta dogara da irin albarushin. Baƙin albarushi yana barin datti mai yawa wanda ke bushewa ya yi tauri, kuma ɗan kakin zuma da aka narka da kitse yana tausasa shi. Gefen matashin kawai nake shafawa, ba na jiƙa shi, kuma kwalin ƙasa ne ke hana man ya taɓa albarushi a lokacin zafi. Da baƙin albarushi kuma tilas matoshi ya zauna a kansa sosai, ba a barin sarari ko kaɗan a tsakani. Da sandar katako mai faɗin cikin kwanson nake dannawa, da ƙarfi iri ɗaya kowane lokaci, fuskata kuma ba ta kan bakin kwanson.

Matoshin roba mai kofi, wanda ya yaɗu tun shekarun 1960, yana da amfanin da ba za a musa ba, domin yana raba ƙwaya da bangon bututu, kuma a ƙaramin bututu kaso mai yawa na ƙwayar ne ke gogar ƙarfe. Sai dai a kwanson tagulla mai siririn bango ƙasansa ba ya kama bango, har ƙwayar albarushi takan silale ta gefensa in harsashin ya sha girgiza a aljihu. Abin da ya yi mini aiki shi ne in yanke kofin kaɗai, in ɗora shi a kan babban kwali, kwali ya tare wuta kofi ya kare ƙwaya. Da baƙin albarushi ba na kusantar roba, saboda narkewa take ta shafe bututu, kuma kankare ta aiki ne mai cin rai. A madadinta nakan naɗa takarda mai ɗan kauri a jikin sanda in yi kofi, in tsaga shi daga sama don ya buɗe in ya fita. Ƙwayar ƙarfe kuwa ba ta da wuri a wannan tsari, kwali da ulu ba za su hana ta ƙarzar bututu ba.

Abin da ba na wasa da shi shi ne matsin iskar wuta a cikin bindiga. SAAMI, ƙungiyar masu ƙera bindigogi da harsasai ta Amurka, ta sa iyakar .410 mai inci biyu da rabi da ta geji 28 a fam 12,500 kan kowane murabba'in inci, sama da 11,500 na geji 12, kuma a ƙaramin bututu ɗan sauyi yana ɗaga matsi da sauri. Sauya matoshi sauya ɗurin ne gaba ɗaya. Awon albarushi marar hayaƙi da aka buga don kwanson roba da matoshin roba ba a ɗauko shi a zuba a tagulla. In babu awon da aka gwada aka buga don wannan kwanso da wannan matoshi, ina tsayawa a kan baƙin albarushi. Tsohuwar bindiga kuma sai maƙerin bindiga ya duba ta, kuma sai inda doka ta yarda mutum ya ɗura harsashi da kansa.

Gwajina a yadi 25 nake yi, kan babbar takarda, ina sauya abu ɗaya tak a kowane zagaye. Bayan harbi nakan bi ƙasa in tsince matosan, domin suna ba da labari fiye da takardar. Kwalin da fuskarsa ta ƙasa ta yi baƙi amma gefensa da samansa suna da tsabta ya rufe yadda ake so. Wanda baƙin ya haura gefensa ya taɓa matashi ya yi ƙanƙanta. Mai son yanka nasa, mahujin milimita 11 ko na inci 7/16 yana fitar da kwali daidai da yawancin kwanson .410 masu siririn bango, in dai kwalin mai tauri ne wanda ba ya rabewa.

Kwalin baki siriri ne, kamar inci .025 zuwa .030, kuma ya kamata ya fi na ƙasa faɗi kaɗan don ya ciji bango. Nakan huda masa ƙaramin rami da allura, iska ta fita ya kwanta a kan ƙwaya. Daga nan sai a zagaye gefensa da gam. Masu aikin da can ruwan sodiyam siliket suke sawa, yana bushewa da ƙarfi, amma in ya daɗe yakan farfashe. Farin gam na katako ya fi mini daɗewa, in dai an goge cikin bakin kwanson babu maiƙo, an kuma bar shi ya kwana. Ɗigo kaɗan a gefe ya isa, ba a malale kwalin duka. A bindiga mai baki biyu nakan sa harsashi a duka ɓangarorin, in yi ta harba ɗaya ina sauyawa, ɗayan yana zaune yana shan girgiza, sannan in ciro shi in duba. In kwalin ya motsa ko na ji ƙwaya tana kaɗawa a ciki, sai in ƙara faɗin kwalin, ba yawan gam ba, in sake gwadawa.