Baba, rungumi allon

Lokacin da na fara koyon aiki a ɗakin hoton eksire, hankalina duk yana kan na'ura: ƙarfin wuta nawa, wane maɓalli. Wani dattijo mai tari ne ya sauke ni daga wannan dokin.

Hoton ƙirji aka rubuta masa. Na tsayar da shi yadda aka koya mana: ƙirji manne da allon da ke ɗaukar hoton, na'ura a bayansa da tazarar santimita 180, saboda zuciya tana kusa da gaba, in aka ɗauko ta gaban sai ta fito da girman da ba nata ba. Na ce ya ɗaga haɓa, ya riƙe ƙugu, ya turo kafaɗu gaba. Ya ce to. Na ruga na danna.

Shugabar ɗakin, wadda muke kira Anti, ta duba hoton ta yi shiru, sannan ta sa yatsa kan ƙasusuwan nan biyu na ƙasan wuya. Ɗaya ya matso ƙashin baya, ɗaya ya yi nisa, wato Baba ya karkace. Allon kafaɗarsa ya rufe gefen huhu. Ta sa na ƙirga haƙarƙarin baya, bakwai na samu, alhali kusan goma ake so su bayyana in an ja numfashi sosai. Ga kuma wani farin abu zaune a tsakiyar ƙirji. Makulli ne, rataye da laya cikin riga, ban ko tambaya ba.

Dole aka maimaita, wato ya sha hasken eksire, wanda yawansa ke da illa, sau biyu saboda gaggawata. Wannan ya fi faɗan Anti yi mini ciwo.

Yadda ta yi da shi ne har yau nake kwaikwayo. Ba ta ambaci kafaɗa ba sam. Cewa ta yi, "Baba, rungumi allon nan kamar jikanka." Kafaɗun suka zo gaba da kansu. Ta sa ya gwada jan numfashi sau biyu tare da ita kafin ta koma bayan garkuwar da ke kare ma'aikaci daga hasken. Mutumin da bai taɓa shiga irin ɗakin ba, "to" ɗinsa ladabi ne kawai, ni ne ban gane ba.

Daga baya na ga illar karkacewa a hoton haɗiyar bariyom (wani farin ruwa da ake haɗiya don hanyar abinci ta fito a hoto), wanda ake kallo yana motsi a allo. Ana karkata mutum kamar digiri 35 zuwa 40 don hanyar abinci ta fito tsakanin zuciya da ƙashin baya. In ya juya kaɗan yana haɗiya, sai ƙashi ya rufe ta.

Yanzu kafin na taɓa na'ura nakan tambayi laya, sarƙa da jigida, mace kuma ko tana da juna biyu, cikin sirri. Ɗalibai na cewa ina da jinkiri. Jiya ma wani ya faɗa, yana tsaye da hoton da ya manta bai sa wa alamar da ke nuna ɓangaren dama ba.