Hanyar da na bi har koyar da Turanci ta zama sana'ata

Shekara uku muka yi a kwalejin ilimi ana cusa mana nahawun Turanci da adabinsa da ilimin furuci, muka fito da takardar NCE mun iya rarraba jimla gida-gida. Lokacin da aka tura ni koyarwar gwaji a wata ƙaramar sakandare a bayan gari, na tarar da aji cike maƙil, yara huɗu a benci ɗaya. Duk abin da na rubuta a allo za su kwafe shi tsaf, har layin da na ja a ƙarƙashin kan magana. Amma in na tambayi yaro da Turanci a wace unguwa yake, sai ya sunkuyar da kai yana wasa da biro. Yaran nan ba daƙiƙai ba ne, a waje bakinsu kamar ya tsage don surutu. Halinsu ɗaya da yaron tela da aka shekara shida ana karanta masa sunayen sassan keken ɗinki, ba a taɓa barinsa ya taka ba.

Dalilin a fili yake. Yaro ba zai shiga jami'a ba sai da kiredit a Turanci a WAEC ko NECO, a JAMB kuma Turanci dole ne ga kowa. Duk waɗannan da alƙalami ko da kwamfuta ake amsa su. Har sashen da ake kira jarrabawar furuci a WAEC, zaɓi-ka-cike ne a kan takarda, yaro yana iya cinye shi bai buɗe baki ba. Malamin da ake auna shi da sakamakon jarrabawa, abin da jarrabawa ke so shi zai koyar. Ga kuma tsohuwar al'adar nan ta sa monita ya rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa a aji a zane shi. Abin da na gani da idona shi ne bulalar ba ta sa yaro ya yi Turanci, shiru take sa shi ya yi gaba ɗaya.

Albashin makarantar kuɗi da na fara aiki a cikinta ba ya kai ni ƙarshen wata, shi ya sa na buɗe ajin yamma a zauren wani maƙwabcinmu, da allo ɗan ƙarami da tabarmi. Waɗanda suka fara zuwa 'yan kasuwar Kantin Kwari ne masu zuwa Dubai da Guanzhu sarin kaya, sai wasu samari daga Maraɗi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci suna neman shiga jami'a a Najeriya. A nan na san bambancin koyar da yaro da koyar da babba. Yaro dole ce ta zaunar da shi, ko ya ƙaru ko bai ƙaru ba gobe zai dawo. Babba kuwa kuɗinsa ya cire daga aljihu, ya bar rumfarsa a hannun yaro, in ya zo sau biyu bai ga amfani ba, ba zai yi maka faɗa ba, kawai ba za ka sake ganinsa ba.

Wani dattijo a cikinsu, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, ya tsayar da ni bayan an tashi ya ce, "Malam, ni fa ba jarrabawa zan zauna ba. So nake in na shiga wajen masu kaya in iya cewa wannan yadin ba shi ne samfurin da aka nuna mini ba, kuma su gane." Na ce, "To Alhaji, gobe ka zo mini da yadin da rasit." Washegari ya zo da ƙyalle biyu da takardar kaya. Muka mai da zauren shago, ɗaya ya zama mai sayarwa, ɗaya mai saye, aka yi ta ciniki da musu a kan launi da kauri da ranar da za a loda kwantena. Aka yi dariya, aka yi kurakurai ba iyaka, amma a daren nan kowa ya yi Turanci da bakinsa. Daga ranar, kafin in karɓi sabon ɗalibi sai na tambaye shi da wa zai yi Turancin, a ina, kuma a kan me.

Ta fuskar takardu, na yi rajista da hukumar malamai ta TRCN, na haɗa digirin koyarwa a karatun hutu, sannan na zauna jarrabawar TKT ta Kambirij, wadda ke gwada sanin ƙa'idojin koyarwa a takarda kuma kuɗinta da sauƙi. Abin da ya sauya mini aiki da gaske shi ne kwas ɗin CELTA, na horar da masu koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne. Shi ma na Kambirij ne, ba ya kasa awa 120, a ciki akwai awa 6 da za ka koyar da ɗalibai manya na gaske ana kallonka ana ba ka maki, da ayyukan rubutu guda 4, da zaman kallon ƙwararrun malamai suna koyarwa. Ba a tambayar ƙasar da aka haife ka, ana dai so Turancinka ya kai saman matakin C1 ko C2 a ma'aunin harsuna na Turai, wanda ya fara daga A1 ya ƙare a C2. Da ba don an buɗe damar yin sa gaba ɗaya ta intanet tun 2020 ba, da ban iya ba, don kuɗin kwas ɗin kaɗai a cibiyoyi da yawa ya haura fam 1,000, ballantana a haɗa da jirgi da masauki. Adashi na shiga na tara. Na kuma tanadi batir da layin waya biyu, saboda in wuta ta ɗauke ana tsakiyar darasin da ake ba ka maki, ɗaliban da ke can wata ƙasa ba za su zauna jiranka ba.

A farkon kwas ɗin mai horar da mu ta shigo ta yi mana darasi guda cur da harshen Hangari, ba ta furta kalmar Turanci ko ɗaya ba. Da hannu da hoto da maimaici ta sa muka iya gaisawa da faɗin sunanmu da neman shayi. Na ji yadda harshe ke nauyi a baki, na ji faɗuwar gaban da ke zuwa in an nuna ka, na ji daɗin da ke ratsa mutum in ya faɗa daidai aka gyaɗa masa kai. Duk wanda zai koyar da harshe ya kamata a zaunar da shi a wannan kujera ko sau ɗaya ne. Bayan haka, abin da aka fi bibiya a darussanmu shi ne yawan maganar malami. Mu da muka taso a makarantun da malamin kirki shi ne wanda muryarsa ke kaiwa aji na uku, sai ga shi ana ce mana mu yi tambaya mu yi shiru, mu bar ɗalibi ya lalubo amsa, mu haɗa su bibbiyu su yi da junansu. An kuma hana mu tambayar nan ta "kun gane?", don kowa zai ce e. In ka koyar da jimlar da ke nuna abin da mutum ya saba yi a da ya daina, sai ka tambaya: yana yi har yanzu? Sau ɗaya ya yi ko sau da yawa? Daga amsar za ka san inda aka tsaya.

Akwai abin da kwas ɗin ba zai ba ka ba, wanda mu muke da shi a kyauta. Na san inda Bahaushe zai yi tuntuɓe tun kafin ya iso wurin, saboda ta nan na bi. A Hausa sautin f da p ba sa bambanta ma'ana, don haka "pan" da "fan" duk ɗaya suke shiga kunnensa. Sai in ba kowa 'yar takarda ya riƙe a gaban leɓensa: in ya haɗe leɓɓa ya sake iska takardar ta yi tsalle, ya yi p, in ya ɗora haƙoran sama a leɓen ƙasa iska ta zurara, ya yi f. Hausa ba ta son baƙaƙe su taru babu wasali a tsakani, shi ya sa za ka ji ɗalibi yana cusa wasali a cikin "street". Mota mace ce a Hausa, sai ya ce da ita "she". Na Nijar da suka yi Faransanci suna da p da v tun daga makaranta, matsalarsu haɗiye s na ƙarshen jam'i, don a Faransanci ba a furta ta. Baturen da ya sha Turanci a nono yana jin kuskuren, amma sau da yawa bai san daga ina ya taso ba.

Saboda haka ban yarda da masu cewa haramun ne a yi Hausa a ajin Turanci ba. Abin da zan ɓata minti goma ina kwatantawa da hannu, jimla ɗaya ta Hausa ta wadatar, sai mu koma aiki. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon firamare aka ware Turanci a matsayin darasi a hannun ƙwararrun malamai, ya nuna harshen gida bai kashe musu Turanci ba. Iyakar sharaɗina shi ne lokacin atisaye na Turanci ne zalla.

Maganar kasuwa kuma, yawancin abin da nake samu yanzu daga shirya mutane jarrabawar IELTS, ta gwada Turancin masu neman karatu ko aiki a waje, yake fitowa, musamman ma'aikatan jinya masu neman aiki a Birtaniya, inda hukumar rajistarsu ke neman maki 7 a sauraro da karatu da magana, da 6.5 a rubutu. A rubutun mutanenmu suka fi faɗuwa, kuma ba don ƙarancin kalmomi ba. An saba mana cewa iya Turanci shi ne jibga manyan kalmomi da doguwar shimfiɗa, alhali mai dubawa so yake a rubutun da bai gaza kalma 250 ba ka amsa abin da aka tambaye ka, kowane sakin layi da hujjarsa. Ma'aunin da ake ba da makin a buɗe yake ga kowa, ina buga shi in raba, mu duba rubutun juna da shi.

Neman aiki a waje yana da ɗaci. Bizar koyar da Turanci ta Koriya ta Kudu, a tsarinta na yau da kullum, 'yan ƙasashe bakwai take karɓa, kuma Afirka ta Kudu ce kaɗai daga nahiyarmu. Wasu shafukan koyarwa ta intanet suna ganin fasfo suke rufe ƙofa, kasuwar koyar da yaran Sin ta intanet kuma, wadda ta ɗauki dubban malamai, ta rushe bayan dokar da gwamnatinsu ta kafa a 2021. Shafuka irin su Preply da italki suna karɓar wanda ba Bature ba, sai dai ka fara da farashi ƙasa ka haƙura har shaidar ɗalibai ta taru. Ina kuma jan kunnen ƙannenmu a kan takardun TEFL, wato shaidar koyar da Turanci a matsayin baƙon harshe, masu arha da ake tallatawa, waɗanda za ka gama a ƙarshen mako ba ka tsaya gaban ɗalibi ko ɗaya ba. Makarantar kirki tambayar farko da za ta yi maka ita ce awa nawa aka kalle ka kana koyarwa.

Ni dai na daina hangen nesa sosai, don aikin yana nan a gida. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa, ta sa Turanci da Faransanci a matsayin harsunan aiki, ga masu neman ƙaro karatu a waje, ga matasa masu aiki da kamfanonin ƙetare ta kwamfuta suna zaune a ɗakinsu. Ajin zauren nan ya koma ɗaki biyu na haya da malamai mata biyu, saboda matan aure da yawa sun fi sakewa da mace. Ranar Asabar kuma muna zama da malaman firamare na unguwa, kowa ya koyar da darasin minti ashirin sauran suna kallo, sannan a faɗa masa abin da aka gani ba tare da cin fuska ba. A zaman da ya wuce mun yi aiki ne a kan yadda za a haɗa yara bibbiyu su yi magana a ajin da benci ba ya motsuwa.