Abin da Sarƙar Masu Amsawa ta Koya Mini Wajen Rubuta Manhajar Mac

Aiki na farko mai nauyi da aka ɗora mini a matsayin mai rubuta manhajojin Mac shi ne in ƙara wani umarni a menu, wanda zai kwafi layin da aka zaɓa a tebur ya ajiye kwafin a ƙarƙashinsa. Na haɗa umarnin kai tsaye da mai kula da taga, wato ɓangaren manhajar da ke sarrafa taga guda, na gwada, ya yi aiki. Bayan kwanaki kaɗan mai gwajin manhajar ta buɗe fayil biyu, ta danna umarnin tana cikin taga ta biyu, sai layin ya ninku a taga ta farko da ke ɓoye a baya. Abin ya dame ni, domin bayanan mutum ne suka canza a inda idonsa ba ya gani. Dalilin kuwa shi ne a Mac menu ɗaya ne a saman allo, na manhajar gaba ɗaya, tagogi kuma suna iya yin yawa, don haka ɗaure umarni da taga guda kuskure ne tun daga tushe.

Wani abokin aiki da ya girme ni a fagen ya ce in bar gurbin mai karɓar umarnin babu kowa, wato nil. Da farko ban gamsu ba, domin ban ga yadda saƙo zai isa ba tare da adireshi ba. Sai ya nuna mini cewa AppKit, wato kayan aikin Apple na gina tagogi da menu a manhajojin Mac, yana da tsarin da ake kira sarƙar masu amsawa, wanda ya gada daga NeXTSTEP, manhajar kamfanin NeXT da Apple ya sanar da sayensa a ƙarshen 1996. Daga can ne ma haruffan NS da ke gaban sunaye irin su NSResponder da NSWindow suka samo asali.

Idan ba a ambaci mai karɓa ba, NSApplication, wato ɓangaren da ke wakiltar manhajar gaba ɗaya, shi ne ke nemo shi a daidai lokacin da ake bukata. Yana farawa da mai amsa na farko a tagar da ke karɓar bugun madannai, wato sashen da mai amfani yake aiki a cikinsa, ya tambaye shi ko ya san wannan aikin. In bai sani ba, a haura zuwa sashen da ya ƙunshe shi, da na sama da wannan, har a kai ga tagar kanta, da mai kula da ita, da wakilinta (wanda take miƙa wa wasu ayyukanta), da NSDocument (mai riƙe da fayil ɗin da aka buɗe) idan manhajar mai aiki da fayiloli ce. In an rasa, kuma babbar taga, wato wadda ke ɗauke da ainihin aikin mutum, daban take da wadda aka fara da ita, sai a maimaita binciken a can, kafin a ƙare da manhajar kanta da wakilinta. Na farko da ya san aikin shi ke yin sa, binciken ya tsaya.

Darasin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne cewa sarƙar hawa take yi, ba ta waiga gefe. Tagarmu ta kasu gida biyu, jerin sunaye a hagu da tebur a dama, ni kuma na ajiye aikin a cikin mai kula da teburin. Tun daga OS X 10.10, babbar manhajar Mac ta 2014, ana saka masu kula da sassa cikin sarƙar kai tsaye, saboda haka muddin mutum yana cikin tebur komai lafiya. Amma da zarar ya taɓa jerin hagu, sai umarnin ya dusashe, domin hanyar da ta tashi daga hagu ba ta bi ta kan teburin ba. Na so in tilasta wa teburin zama mai amsa na farko a kowane lokaci, abin da zai lalata tafiya da madannai. Daga baya na gane cewa tambayar da ya kamata in fara yi ita ce: a wane yanayi ne wannan umarni yake da ma'ana? Idan na abin da aka zaɓa ne, wurinsa ƙasa, kusa da sashen. Idan na fayil ne gaba ɗaya, wurinsa mai kula da taga ko NSDocument. Idan na manhajar ne, kamar buɗe saituna, wurinsa wakilin manhaja. A ganina wurin da aka ajiye aiki a sarƙar hukunci ne game da iyakar ikonsa. Na mayar da nawa sama, inda sassan biyu suka haɗu, shi kuma ya miƙa wa teburin.

Dusashewar kanta ba aibi ba ce. Kafin menu ya buɗe, AppKit yana bin wannan hanya don kowane umarni. In babu mai amsawa sai a kashe shi, in kuwa akwai, ana iya tambayarsa ta validateMenuItem ko aikin zai yiwu yanzu. Na goge layuka da dama da na rubuta don kunna umarni da kashe shi da hannu, na bar amsa guda: akwai layin da aka zaɓa ko babu. A Swift kuma, harshen Apple na rubuta manhaja, dole a yi wa aikin alamar @objc ko @IBAction, in ba haka ba binciken ba zai gan shi ba.

Abu na ƙarshe da ya ɗaure mini kai shi ne umarnin kwafi na yau da kullum, wato Copy. Na rubuta nawa na teburin, amma yayin da ake gyara rubutu cikin wani gurbi, kalmomin da aka zaɓa kaɗai ake kwafa. Ashe a wannan lokacin mai amsa na farko wani NSTextView ne da taga ke ara wa duk gurbin da ake rubutu a ciki, kuma shi ya riga teburina karɓar saƙon. Da na yi nazari sai na ga abin da mai amfani yake so ke nan, na bar shi yadda yake. Tun daga nan, duk lokacin da umarni ya ɓace mini, nakan buga jerin nextResponder, wato mai amsa na gaba a sarƙar, daga mai amsa na farko zuwa sama, sau ɗaya ina cikin tebur, sau ɗaya ina cikin jerin hagu, sannan da tagogi biyu a buɗe.